Majigi mai ido uku

A shekarun da ake rikicin jam'iyyu ina da motar kaya guda. Nakan ɗauki doya da masara daga Sokodé zuwa Dapaong, in dawo da albasa da wake. Ɗana na fari yana lise, wato babbar sakandare, a lokacin, shekararsa goma sha bakwai. Da aka rufe makarantu saboda yajin aiki, sai ya rasa abin yi. Hantsi na yi zai sa riga ya fita da abokansa, kuma kowa ya san inda samari ke zuwa: bakin babban titi, inda ake ƙona taya ana jifa. Rannan ya dawo idanunsa jawur, yana ta tari saboda hayaƙin da aka harba musu.

Ban iya yi masa magana ba. A gidanmu uba ba ya sakin jiki da ɗan fari, ko sunansa ba na kira. Abin da nake so kawai ya zauna a gida har abin ya lafa. Uwarsa ce ta kawo shawara. Ta ce yaron yana son kallon kaset, kuma wani abokinsa yana da wasan nan da ake jonawa a jikin tele ana dannawa da yatsu. In akwai babban abin kallo a gida, shi da abokan za su zauna.

A Dapaong ƙanena ya kai ni shagon wani mutumin Nijar mai sayar da kayan Turai na hannu. Iri biyu ya nuna mini. Na farko akwati ne mai tsayi, ya kai ni ƙirji, hoton yana fitowa daga cikinsa ya hau gilashin gaba. Na biyu majigi ne mai ido uku, ja da kore da shuɗi, a ajiye shi a ƙasa ya jefa hoto a bango.

Mutumin bai ɓoye mini komai ba. Ya ce akwatin yana da nauyi, wanda ya zauna daga gefe ba zai gani sosai ba, kuma in yara suka daɗe suna wasa iri ɗaya, inuwar wasan na iya zama a gilashin. Amma ana kallonsa ƙofa a buɗe. Majigin kuwa zai cika bango, sai dai ba ya son haske ko kaɗan. Ya tambaye ni da rana za a yi kallon ko bayan magariba. Na ce ya dai kunna mini majigin.

Ƙanena ya ja ni gefe ya ce, "Yaya, yaran nan fa da rana suke fita."

Na ji shi sarai. Na ce akwatin zai fashe a hawan duwatsun hanya, wanda ba gaskiya ba ne, na sha ɗaukar abin da ya fi shi haɗari. Gaskiyar ita ce tun ina karen mota nake son silima, kuma ina so a ce a unguwarmu gidan wane akwai silima. Mai shagon ya ce in bai yi mini ba in dawo da shi a sauya.

Na sa aka yi wa bangon ɗakin zaure farar ƙasa. Ranar farko bayan magariba maƙwabta suka cika ɗakin. Kan mutumin da ke cikin fim ɗin ya fi tukunyar biki girma. Aka yi ta sa albarka, ni kuwa ina zaune ina amsawa.

Washegari da hantsi yaron ya kunna. Hoton ya koɗe kamar tsohon zane, da ƙyar ake gane mutum da doki. Ya tsaya ya ɗan duba, ya kashe, ya sa takalmi ya fita. Uwarsa ta ce in mayar in karɓo akwatin, tunda duk mako ina hanyar. Ban mayar ba. Na ji nauyin a ce abin da aka yaba jiya yau an ɗora shi a mota.

Maimakon haka na yanko tsohon tamfol na mota, na buga shi da ƙusa a tagogin zauren guda biyu, na rataya bargo a ƙofa. Hoton ya fito tangaram. Samari bakwai ko takwas suka riƙa zuwa, su zauna cikin zafi daga hantsi har la'asar, wani lokaci fim, wani lokaci wasan. Saboda masallaci na jikin gidanmu, na ce su riƙa rage sauti. Kusan mako uku yaron bai taka titi ba. Na ɗauka na yi dabara.

Abin da ban yi tunani ba shi ne, a unguwarmu ba a rufe ɗakin zaure da rana. Mai wucewa ya yi sallama a amsa masa, ko zaman makoki ƙofa a buɗe ake yinsa. Ga shi gidana an toshe tagogi, ga kekuna a jingine a waje, ga samarin da aka sani a bakin titi suna shiga ɗaya bayan ɗaya, kowa ya shiga ya yi maza ya saki bargo don kada haske ya ɓata hoto. Kuma ba a jin motsinsu. Magana ta fara yawo. Wasu suka ce taro ake yi, wasu suka ce takardu ake bugawa, silimar rufa ido ce.

Ranar Juma'a bayan an sauko, mai unguwa ya tsayar da ni ya ce in cire tamfol ɗin. Na yi dariya na ce ya zo ya gani da idonsa, wani ɗan mutum ne ke tsalle a bango. Ya ce shi ya sani, amma waɗanda suka zo wurinsa sau biyu ba kallo ya kawo su ba, kuma ba 'yan unguwa ba ne.

"Alhaji, sunan yaronka suke tambaya, ba naka ba."

A ranar na ɓamɓare tamfol ɗin. Washegari bayan sallar asuba na sa yaron a gaban mota muka kama hanyar Dapaong. Duk shingen da aka tsayar da mu sai in ce karen motata ne. A ƙofar gidan ƙanena, yaron yana sauke jakarsa, ya ce, "Baba, ai a gida nake zaune." Na ce ya shiga ya gai da baffansa.

Bayan kwana biyu wasu mutum uku suka zo gidan. Suka dubi bango, suka dubi majigin, suka tafi. Wataƙila ko yaron yana nan ba abin da zai faru. Ban sani ba, kuma ban yarda na dawo da shi ba har aka buɗe makarantu aka yi nisa. Kafin nan ya shiga harkar baffansa ta fiton kaya a Cinkassé, bakin iyaka. Bai koma lise ba. A Dapaong ya yi aure, can yake har yau, gidanmu sai da Salla, ya kwana biyu kamar baƙo. Uwarsa har ta rasu ba ta taɓa tayar mini da maganar akwatin ba.

Bara na je Dapaong ganin likitan ido, na sauka a gidan ɗan nawa. 'Ya'yansa suna wasa a wata tele mai faɗi da ke manne a bango, ƙofa a buɗe, rana tsaka. Muna zaune a kan tabarma na gaya masa cewa an nuna mini akwatin, an ba ni shawara har sau uku, ni na ƙi. Na ce ya yafe mini. Ya kalli yaran, ya ce ba komai, abin ya wuce.

Can kuma ya ce, "Amma hoton yana da kyau, Baba."

Na ce ƙwarai, yana da kyau.