Katin da Ya Zo na Tara

Yayana Eckhard bai taɓa sayen ko butar shayi ba sai ya yi mata bincike. Shekara talatin da takwas ya yi a ofishin tsara lokutan jirgin ƙasa a nan Uelzen, ya yi ritaya, amma rula da fensir nasa ba su yi ritaya ba. Da zai sayi injin yanke ciyawa, sai da ciyawar ƙofar gidansa ta kai gwiwa, maƙwabta suka koma gaishe shi sama-sama. Ni ƙanwarsa ce, a ƙarƙashin wannan hali na girma, don haka ba na jin nauyin faɗa.

Kuɗi kuwa tsaba yake riƙewa. Katin bashi, wanda za ka yi sayayya banki ya biya, kai ka biya banki a ƙarshen wata, a wurinsa kayan 'yan ƙarya ne.

A watan Janairu Irmgard ta bugo waya daga Kanada. Yayar matarsa Waltraud ce, rabonsu da ganin juna shekara goma sha tara. Ta ce idonta yana tafiya, likita ya ce ba mai dawowa ba ne, in Waltraud tana so ta gan ta da ido, ba ta shafa ta da hannu ba, to ta zo bana. Da suka je ofishin tafiye-tafiye aka gaya musu cewa a can otal da masu hayar mota ba sa sauraron mutum sai da katin bashi. Eckhard ya gyaɗa kai, ya ce a ba shi mako biyu.

Ya sayi fayil sabo. Ya ja layuka, ya jera katuna goma sha ɗaya. Wannan yana ba da maki a kan kowace Yuro da ka kashe, ka tara ka sayi tikiti, amma kuɗinsa na shekara ya yi yawa. Wancan kyauta ne, amma yana yankar wani abu in ka biya da kuɗin wata ƙasa. Wani yana da inshorar tafiya, sai dai ba ta rufe wanda ya haura saba'in, shi kuma yana da saba'in da biyu. Duk Lahadi in na je shan kofi da kek, sai an ture faranti gefe an karanta mini sabon sakamako. Na tambaye shi wane maki zai tara, shi da babban cefanensa dankali ne da irin shuka. Ya ce, "Renate, ke tun kina yarinya kike sa hannu a abin da ba ki karanta ba." Da tsohon mijina yake. Na haɗiye, don Waltraud tana wurin.

Sai ya shiga gwajin kula da abokan ciniki. Ya ɗauko agogon dafa ƙwai daga kicin, ya riƙa kiran kowane kamfani yana auna minti nawa za a yi ana kaɗa masa kiɗa kafin mutum mai rai ya ɗauka. Sau uku yake kiran kowanne, a ranaku daban-daban, don adalci. Waltraud ta ce wata biyu ƙwan gidan yana dahuwa bisa sa'a.

Afrilu ya wuce, Mayu ya shigo. Irmgard ta ce ta daina karanta jarida. Waltraud ba mai surutu ba ce, amma na ga ta fara goge tagogin da ta goge jiya. Raina ya ɓaci ƙwarai, wata Laraba na tafi da niyyar in wanke shi tas.

Na shiga ta ƙofar baya, na same shi a kan waya, ya ba ni baya, agogon ƙwai a gabansa. Ya gama tambayar inshora ke nan. Sai na ji ya rage murya ya ce da matar da ke kan layi, "Yi haƙuri, tambaya ta ƙarshe. Ke kin taɓa ƙetare teku a jirgin sama? To, yana girgiza sosai?"

Na koma da baya a hankali. Mutumin da ya san lokacin kowane jirgin ƙasa daga nan har Munich bai taɓa ɗaga ƙafa daga ƙasa ba, kuma ni da na sha nono ɗaya da shi ban taɓa haɗa lissafin ba. Tausayinsa ya kama ni, haushin kuma bai tafi ba. Na sami Waltraud a lambu na gaya mata. Ko ɗago kai ba ta yi ba. Ta ce ta sani tun Janairu, tana jira ne ya faɗa da bakinsa, amma idon Irmgard ba zai jira bakinsa ba.

Ran Asabar ta je kasuwa, ta biya bankin unguwa da kwandonta a hannu. Minti goma sha biyar ta yi. Ta zaɓi katin ne saboda matar da ke kan kanta ta san ta shekara ashirin, ta kuma rubuta mata lambar wayar teburinta a bayan takarda. Da katin ya iso ta sayi tikiti biyu. Ran Lahadi, a gabana, ta ajiye masa nasa kusa da kofi: kati na biyu, na mai rakiya, da sunansa a jiki.

Ya juya shi, ya buɗe fayil, ya bi layi da yatsa, ya kira ta da sunanta na gida. "Traute, wannan fa shi ya zo na tara."

"Na sani, Ecki. Amma shi ne ya zo." Ta zuba masa madara. "Kujerar taga tawa ce. Kai aikinka ka riƙe hannuna ka rufe ido."

Ya dube ni, ya gane na sani. Kunnuwansa suka yi ja. Karon farko a rayuwata na samu dama a kansa na bar ta ta wuce.

A Yuni suka tafi. Waltraud ta ce awa takwas bai saki hannunta ba, har zobe ya yi mata shaida a yatsa. Katin ya yi aiki a otal, ya yi a wurin mota, Eckhard yana tsaye kowane karo yana jiran ya ƙi. Irmgard kuwa ta ja ƙanwarta bakin taga inda haske ya fi, ta matso da fuskarta kamar mai duba ɗinki, ta daɗe tana kallo, sannan ta ce, "Kai, Traute, kin tsufa." Waltraud ta ce ba a taɓa gaya mata magana mai daɗin wannan ba. Shi kuma Irmgard sai da ya yi magana ta gane shi, don yana tsaye taku uku a baya. Da a watan Janairu ne, da ta gan shi daga ƙofa.

Bayan sun dawo na je ran da ake kwashe sharar takarda. Na same shi a bakin bola da fayil ɗin, yana zare ƙarfen jikinsa, don ƙarfe ba ya shiga bolar takarda. Shi ne ya yi magana, idonsa a kan hannunsa.

"Saura kamfani biyu ban gama gwadawa ba, Renate. Da ta bar ni, sai lokacin kaka."

Ya zuba takardun, ya rufe murfin, ya sa ƙarfen a aljihu.