Jakar Kaka da Na Ƙona

Da ƙarfe goma na safiyar wata Talata, a darasin tsafta, abin ya fara. Shekaruna goma sha biyu a lokacin, ina elemantare a Wurno zamanin Turawa, yarinya marar magana wadda ba ta barin kalmar malam ta faɗi ƙasa. Ran nan malam ya ce duk tsumman da kuturu ya taɓa, wuta ce maganinsa, kuma kada a sa hannu. Na rubuta, na ja layi a ƙarƙashi.

Kakata ta wajen uba ta yi shekaru a asibitin kutare na mishan. Can ta warke, can ta zama Kirista, can ta koyi boko. Ta dawo da takardar sallama, ba yatsu sai dungulmi. Babana Musulmi ne, manomin albasa, amma ɗakinta ya fi na kowa gyara. Matan unguwa na yi mata ba'a wai ta bi Nasara, ita ko sai ta yi dariya ta tambayi jikin yaransu, kuma duk mai zazzaɓi sai ta kwana tana yi masa addu'a da sunansa. Daga wurinta innata ta koyi haƙuri. Kullum bayan la'asar ni ke buɗe mata Littafi Mai Tsarki ina karantawa, don ba ta iya juya shafi. Takan ce kishiyarta, wato ni, ta fi malamin coci murya.

Da na dawo gida ran nan tana fadama tana korar awaki daga albasa. Na ɗauko jakar saƙin da take ajiye tsummokin ɗaure hannu, da sanda na ɗauko ta kamar yadda aka koya mana, na kai bayan rumbu na cinna mata wuta. Ban buɗe ba. Takardar sallamarta tana ciki.

Da rani malamin duba-gari ya zo da yaron hakimi. Ya ga miki a ƙafarta, na ƙaya ne kawai, ya nemi takarda. Baba ya juye ɗakin kaf, yana tambayarta mi ya sami jakar. Kaka ta ga tokar tun ranar, na san ta gani. Ta dube ni sau ɗaya, ta ce wuta ta ci, kuma a bar zancen nan. Ina tsaye jikin zana, kunya ta riƙe mini baki. Washegari aka ɗora ta a jaki aka nufi hanyar Sakkwato don a mayar da ita asibitin kutare, littafinta ɗaure a zani. Ta ce in ci gaba da karatu, kada in bar mijinmu, wato kakana, da yunwa. Bayan damina biyu aka aiko ta rasu.

Yau 'ya'yana mata sun san addu'o'inta, na koya masu, amma ba su san wannan ba. Na gane ilimin da ba ya tsayawa ya tambayi mai abu yana iya rushe gida, kuma shirun da na yi ya fi wutar ɓarna. Ku masu karatu, kafin ku gyara wa tsoho ɗakinsa, ku tambaye shi. In kun yi kuskure, ku faɗa tun yana jin ku.

Sai da na yi aure na iya zuwa asibitin. Na sami wata tsohuwa 'yar Goronyo da suka zauna ɗaki ɗaya, na tambaye ta ko Kaka ta yafe mini. Ta ce ita ba ta taɓa jin zancen wata jaka ba. Abin da ta sani, kullum bayan la'asar Kaka takan ɗora littafin a cinya, in wani ya zo zai karanta mata sai ta ce a'a, a bar shafin inda jikanyarta ta tsaya, tana nan zuwa ta ƙarasa.