Ranar da Gwaggo Dije ta kai “babu” Batagarawa

Shekara goma sha biyu ke nan da rasuwar Gwaggo Dije, ƙanwar mahaifina, amma har yau in na ɗauki biro zan cike wa wata mace fom, sai in ji kamar tana tsaye a kaina tana leƙen abin da zan rubuta. Ita da ko baƙi ɗaya na boko ba ta sani ba.

A shekarar da soja suka koma bariki farar hula suka karɓi mulki, ina zaune a ɗaki ɗaya a Ƙofar Guga da marayu biyu, ban daɗe da fita takaba ba. Ba ni da keken ɗinki. Na maƙwabciyarmu nake hawa in ta gama aikinta, in ɗinka wa matan unguwa riguna da kayan makarantar yara, har da labule. Ladan wani lokacin kwanon gero ne. Ban taɓa kiran wannan sana'a ba, don a ganina sana'a ta mai shago ce.

Sai labari ya zo an buɗe cibiyar koya wa mata sana'a a Batagarawa, ana neman wadda za ta taimaka wa malamar ɗinki. Gurbi ɗaya ne, ranar Alhamis za a rufe, ni kuwa ba ni da wata hanyar riƙe yaran nan a makaranta. Gwaggo ta tasa ni gaba sai da na je. Akawun ofishin, wani malami mai tabarau, ya tambaye ni sana'ar da nake yi. Na sunkuyar da kai na ba shi amsar da kowace matar unguwarmu za ta bayar: ba na komai, zaman gida nake. Haka aka rene mu, mace ba ta yabon kanta a gaban baƙon namiji. Ya rubuta kalma ɗaya, ya ce waɗanda suka goge ake nema.

Na dawo na tarar da Gwaggo tana tankaɗe.

“Mi ya rubuta?” in ji ta.

Na ce ya rubuta babu.

Ta ajiye rariya. “Babu? Ke ɗiyar nan, rigar da ke jikina aljannu suka ɗinka ta?”

Ta ja mayafi ta shiga unguwa gida-gida. Ranar Alhamis da hantsi na fito na ga mota cike da mata, kowacce sanye da abin da na ɗinka mata. Wata ta ciro labulen ɗakinta ta naɗe a hammata. Kunya kamar in nutse. Gwaggo tana gaba kusa da direba, tana gaya masa hanyar da ya fi ta sani.

Da muka isa, sai da ta gaida akawun gaisuwa cikakkiya, aiki da gajiya da iyali, yana ta ce mata Hajiya, ita da Kano ce iyakar tafiyarta. Sannan ta matsa gefe, mata suka shigo suka cika ofis.

“Malam, ga babun da ka rubuta nan na kawo maka,” ta ce. “Ka duba da kyau, in akwai inda ya karkace ka hwaɗa.”

Bawan Allah ya cire tabarau ya mayar. Hayaniya ta fito da malamar ɗinkin, wadda ba ta yi dariya ba kamar sauran. Ta kama hannun rigar Gwaggo ta juya cikin, ta bi ɗinkin da yatsa, ta ce a kawo sabon fom.

Samun aikin shi ne mai sauƙin. Wanda ya biyo baya, Gwaggo ce ta ɗauke shi. Ita ke riƙe yara in na fita. Ita ta je ta rufe bakin dangin mijina da suka ce bazawara tana yawon ofis. Da aka ce ba za a ƙara mini girma ba sai da takarda, ita ta kai ni ajin manya, ta zauna a bakin ƙofa tana ɓarar gyaɗa don kada in gudu. Wallahi na ji haushinta a lokacin, yanzu kuwa kewarta nake ji.

Nakan tambayi kaina me za ta ce in ta ga yau. 'Yammatan da na koyar suna ɗaukar hoton ɗinkinsu a waya, ciniki ya zo musu daga garin da ba su taɓa takawa ba. Na san za ta yi murna, ta kuma ce a ɗauke ta ita ma, amma a bari ta gyara ɗaurin kallabi. Sai dai za ta ga har yanzu akwai mai hannu da ba ta da keke, da mai son koyo da ba ta da inda za ta bar goyo. Za ta ga kalmar nan ta “babu” ma ba ta mutu ba.

Gwaggo ba ta bar gadon gida ko gona ba. Allah Ya ji ƙanta, Ya kai haske kabarinta. Amma makon jiya wata matashiya ta zauna a gabana da goyo, yanzu ni ce mai cike fom. Na tambaye ta sana'arta, ta sunkuyar da kai ta ce ba ta komai. Na dubi hular jaririn, saƙar hannu ce mai kyau. Na ajiye biro.

“Wa ya saƙa wannan?”

Ta ce ita ce. Na ɗauki biro na rubuta: mai saƙa.