Injin Ciyawar Malam

A shekarar da man fetur ya yi tsadar da ta sa masu babura suka riƙa ajiye su suna takawa a ƙasa, a ita ce maigidana ya yi ritaya. Ya daɗe yana aikin akawu a wata kwaleji a Kano, sai ƙarshen mako muke ganinsa. Da ya tattaro kayansa ya dawo ƙauyenmu gaba ɗaya, can tsakanin Ɗambatta da Makoda, na ɗauka hutu ne ya zo mana ni da shi. Cikin kayan da aka sauke daga mota har da buhu biyu cike da saiwar ciyawa, da ƙasarta da komai.

Na ce, "Malam, wannan fa?"

Ya ce, "Ciyawa ce."

"Na ga ciyawa ce. Ta tumaki?"

"Ta zama ce. Shuka ta za a yi a garka."

Garkar tawa ce. Tana bayan ɗakunanmu, zagaye da dangar kara, ba ta fi tsakar gida girma ba. A cikinta nake shuka kuɓewa da yakuwa da alayyahu da barkono, kuma a wannan shekara, da kayan miya suka fi ƙarfin mutane, ita ce rufin asirin tukunyata. A wajenmu ƙasa ba ta zama a banza. Gero da dawa har jikin katanga ake shuka su. A ce mutum ya shuka ciyawa da gangan, ciyawar da kowa ke wuni yana nomewa, ban taɓa ji ba.

Na yi niyyar ƙin yarda, sai ya ba ni labarin da bai taɓa ba ni ba. Ya ce a gaban ofishin shugaban kwalejin akwai wani fili kore shar, a aske kamar darduma, an hana kowa takawa. Shekara da shekaru yana wucewa ta gefensa rungume da takardu, bai taɓa sa ƙafa ba. Ya ce shi dai yana so kafin ya mutu ya samu irinsa nasa na kansa, ya cire takalmi, ya zauna ya yi laziminsa bayan la'asar. Yadda ya faɗa, yana kallon ƙasa, ya sa na ba shi rabin garkar.

Ruwa ya sauka, ciyawa ta kama. Kafin gero ya kai gwiwa ta rufe ƙasa ruf, ta fara tashi. Malam yana da ciwon baya, ba ya iya sunkuyo da lauje. Maƙwabcinmu, mai tumaki da yawa, ya yi tayin ya yanke ya kwashe wa dabbobinsa, Malam ya ƙi. Ya ce lauje yana barin tudu da kwari, kamar askin ɗan koyo. Inji ake sa wa irin wannan ciyawa, kuma inji zai saya.

Daga nan zaɓe ya fara. Mai amfani da fetur ya fita tun ranar farko, don ko lita ɗaya sai mutum ya yi tunani. Mai igiyar lantarki ma ya fita, don wuta a garinmu sai dai a ga wayoyinta a sama tsuntsaye suna hutawa. Saura mai batir. Na ce alhamdu lillahi, magana ta ƙare. Ashe masu batir ɗin ma dangi ne guda. Akwai mai taya wanda ake turawa. Akwai mai dogon hannu kamar sanda, da 'yar wuƙa tana juyawa a ƙasa. Akwai mai jaka a baya da ke tara ciyawar, akwai mai watsar da ita. Akwai mai batir ɗaya babba, akwai mai ƙanana biyu.

Malam ya koma zama da wayarsa a ƙarƙashin bishiyar gwaibar da ke bakin garkar, yana kallon Turawa da gajeren wando suna tura injuna a bayan gidajensu. Ina tsakar tuƙa tuwo zai miƙo min wayar ta saman kafaɗa.

"Dubi wannan. Kin ga ba ya ƙara."

"Na gani."

"Amma an ce batirinsa ba ya jure zafi."

"To a bar shi."

"Sai dai kuma ya fi sauƙin ɗauka."

Abin da ya yanke da safe, da yamma ya warware shi. Ya kai maganar majalisar ƙofar masallaci, inda babu wanda ya taɓa ganin injin da idonsa amma kowa yana da ra'ayi. Ya je Ɗambatta ranar kasuwa, ya dawo ya ce injin feshi mai caji kawai suke da shi. Ya je Kano, ya dawo hannu rabbana, wai yana son ya ƙara nazari. Da ya koma, dalar Amurka ta motsa, farashi ya hau, ya yi fushi ya taho. Da ya huce ya sake komawa, ya tarar ya ƙara hawa.

Ita kuwa ciyawa ba ta jiran nazari. Ta wuce idon sawu, ta kai ƙwauri, ta fara miƙa hannu cikin yakuwata. Sauro ya mai da ita gida. Wata safiya na shiga tsinkar kuɓewa na ga maciji ya sulale ya shige cikinta. Na faɗa wa Malam, ya jinjina kai ya ce wannan ya nuna mai taya ya fi, don mutum yana nesa da wuƙar. Da rana kuma ya ce a'a, mai sanda ya fi kai wa lungu.

'Yarmu da ke aure a Kano ta haihu, muka shirya zuwa barka tare. Da muka fito daga gidanta ya ce mu ɗan biya kasuwa, ba za mu daɗe ba. Shagon wani mutum ne mai haƙuri, cike da janareta da injunan ban ruwa, na ciyawar suna can ƙurya da ƙura a kansu. Yana hango Malam ya miƙe ya ce, "Baba, an dawo?" Daga jin gaisuwar na san ba zuwan farko ba ne, ba kuma na biyu ba.

Aka ba ni benci na zauna. Malam ya sa aka jawo mai taya, ya tura shi daga bakin ƙofa zuwa bango, ya dawo. Ya ɗaga mai sanda, ya rataya a kafaɗa, ya yi ta shara da shi a iska. Ya tambayi inda aka ƙera batirin, da ko ana samun wuƙar in ta dakushe, da abin da zai faru in ruwa ya taɓa shi. Mai shago ya amsa duka, da alama ba yau ya fara amsa su ba. Aka kira azahar, suka je suka yi salla, suka dawo suka ɗora daga inda suka tsaya. Ƙafafuna suka kumbura cikin takalmi.

Na ce, "Malam, bayanka zai iya ɗaukar wancan mai sandan?"

Ya ce, "Da wuya."

"To ai ɗaya ya rage. Alhaji, a sa mana mai tayan a kwali."

Malam ya buɗe baki zai yi magana, na miƙe na gyara mayafina. Mai shago bai jira komai ba, ya shiga neman igiyar ɗauri da saurin da ban ga ya yi ba tun zuwanmu.

A tasha kwandasta ya ce kwalin ba zai shiga but ba, Malam kuma ya ce ba za a ɗora masa shi a saman mota ba, hadari ya haɗu. Ƙarshenta a kan cinyoyinmu ya yi tafiyar, rabi a tasa rabi a tawa. Wata tsohuwa a bayanmu ta tambaya ko injin markaɗe ne, ta fara yi min murna. Da Malam ya yi mata bayani, ta ce, "A yanke ciyawa a ba wa?" Ya ce ba kowa. Ta kau da kai ta koma kallon taga.

Washegari ya kai batirin wurin mai cajin waya a bakin titi, wanda ke aiki da sola. Mutumin ya juya shi ya ce wannan zai shanye wutar wayoyin rabin gari, sai dai a bari sai rana ta take. Aka bari. Da batirin ya cika, Malam ya sa hula, ya yi bismilla, ya danna. Injin ya yi wani ɗan kuka mai daɗi, ya shiga ciyawar taku biyu, ya shaƙe ya tsaya. Ya ja da baya, ya zaƙulo abin da ya cushe, ya sake gwadawa, ya sake shaƙewa. Ciyawar ta yi masa tsawo. An yi shi ne don a riƙa rage mata kai, ba don a sare daji ba.

Haka Malam ya taka da ƙafarsa ya je ya yi sallama da maƙwabcin da ya hana a farkon damina. Mutumin ya zo da laujensa, ya yanke ta tas ya ɗaure ya tafi da ita. Sai a kan abin da lauje ya bari injin ya samu hanya. Ya aske rabin filin sumul, gwanin kyau, sai batir ya mutu. Sannan aka shiga kwanakin marka, rana ta ƙi fitowa, mai caji ya ce ko wayoyi da ƙyar yake cikawa. Filin ya zauna rabi a aske rabi a tsaye, duk wadda ta shigo ɗibar yakuwa sai ta tsaya ta tambaye ni. Na gaji da bayani, na koma cewa su tambayi mai shi.

Da rani ya shigo rijiya ta yi ƙasa, ciyawa kuma tana son ruwa kullum. Na gaya masa a fili cewa ba zan ja guga don abin da ba a ci ba. Ya yi ta fama shi kaɗai da buta da bokiti, filin yana ƙanƙancewa daga gefe, har ya tsaya a daidai inuwar gwaiba, wurin da bai fi shimfiɗar tabarma biyu ba. Wannan kam ruwan alwalarsa da na wanke-wanke suna isar sa, caji ɗaya kuma yana aske shi har da saura. Inda ta bushe na sa aka kafce, na zuba albasa da latas. Bai yi gardama ba.

Damina ta gaba ciwon bayansa ya tashi sosai, ya kwanta mako da makonni. Ciyawar ta fara tsawo, ya riƙa kallonta ta taga yana tsaki, har na ga tsakin zai fi aikin wahala. Na aika aka yi cajin batirin, na ɗaura zane, na tura injin da kaina. Ba shi da nauyi, kuma ƙanshin ɗanyar ciyawa yana da daɗi da safe. Na gama ina share zufa, sai na ji muryarsa daga ɗaki.

"Kin bar gindin gwaiba."

"Tayar ba ta shiga wurin."

"Da mai sandan muka ɗauka da ya shiga."

Na jingina injin da danga, na karkaɗe zanena, na tafi na ɗora ruwan koko.