Tsakuwar da Ban Ajiye Ba

Ranar Asabar ta biyu bayan Babbar Sallah, shekarar da nake aji huɗu, ina tsugune a bakin burtsatse a Dei-Dei ina jiran layi ya zo kan bokitina, sai Mama Talatu ta leƙo ta ce in je in sa takalmi, Umma ta yarda in raka ta garinsu. Maƙwabciyarmu ce, 'yar Gbagyi mai sayar da doya, ɗakinta na kallon namu a gidan haya. Na daka tsalle har na kifar da bokitin wata. Amma kafin in fita, Gwaggo, yayar Babanmu da ta zo mana Sallah daga Katsina, ta ja ni bayan ƙyaure ta murɗe mini kunne. "Mutanen dutse ne fa. Kada ki ci, kada ki sha, kuma duk abin da suka ce ki ajiye, kada ki ajiye." Shi ke nan, Gwaggo ta ɓata mini tafiya tun ban taka ko'ina ba.

Muka wuce tirelolin siminti da karar shanu, muka sauka a Bwari, ɗan acaɓa ya hau da mu wani ɗan gari da ke manne a gindin dutse. Komai na garin sai da na sa masa ido. Mata na ɗauko itace a kafaɗa, ba a ka ba, na ce lallai akwai dalili. Tsofaffi suka yi dariya da yarensu suna kallona, na ce cinikina ake yi. Aka kawo tuwon dawa da kunu mai sanyi, na ce azumi nake, alhali maiƙon naman Sallah bai gama barin bakina ba. Mama Talatu ta dube ni kawai ta koma bakin turmi.

Da rana ta ɗan karya, wani tsoho, kawunta, ya tara yaran garin zai kai mu ganin kogo, ita kuma ta tsaya daka. A bakin kogon akwai falalen dutse. Kowane yaro ya tsinci tsakuwa irin wadda muke 'yar carafke da ita, ya ɗora a kai. Tsohon ya yi mini nuni in yi haka. Na ce to, ga abin da Gwaggo ta faɗa! Na sunkuya kamar zan ajiye, na zura tawa a aljihu.

Ciki akwai sanyi da warin jemagu, ga fasassun tukwane na mutanen da. Na maƙale a baya don kada wani ya cafke ni ta ƙeya. Da na hango haske ta wani lungu, sai na sulale, wai ni mai wayo zan gudu. Ashe 'yar tsaga ce can sama, ko hannuna ba ya kaiwa. Ina juyowa na ga tocilar tsohon ta ɓace, muryoyi sun ɗauke, ban ma san ta inda na shigo ba. Wallahi ban taɓa jin tsoro irin na ranar ba.

Daga baya na gane abin da na yi. Tsakuwar nan ƙirge ce. Duk wanda ya fito ya ɗauke tasa, in ɗaya ta rage an san da mutum a ciki. Tsohon ya ga falalen fes, ya kaɗa yara suka gangara hankali kwance. Mama Talatu ce ta duba ta ga babu ni, ta yar da taɓarya ta hau dutsen ba takalmi.

Na ji tana ƙwala kiran "Hajara!", kuma abin kunya, sai da na yi shiru tukuna ina tunanin ko tarko ne. Sai da na ji muryarta ta karye da kuka na amsa. Ta saɓa ni a kafaɗa. A hanya hannunta ya taɓa aljihuna, ta ciro tsakuwar, ta daɗe tana kallonta, sannan ta mayar mini. Ba ta tambaye ni komai ba, ba ta kuma gaya wa Umma ba. Da muka sauko gari ta ce da irin Hausarta, "Yarinya na, ci abinci." Malmala biyu na cinye ina shessheƙa.

Yanzu a Lugbe nake, cikin gida mai katanga da maigadi, ban san sunan maƙwabciyata ba, ita ma in na kwana ban dawo ba ba za ta sani ba. Gidanmu na Dei-Dei ya zama shagunan tayil. Mama Talatu ta koma garinsu ta rasu, ban taɓa ce mata ta yafe mini ba. Su ƙirga ni suka so yi, ni ce na ƙi.