Karatun Sautu

Duk wanda ya tashi a Kano ya san sautu. Za ka kasuwa, maƙwabciya ta ce ka sayo mata daddawa. Za ka Legas, wani ya ce ka riƙo masa takalmi. Kuma ba a ƙin sautun babba. Abin da ban taɓa ji ba sai da na zo Guangzhou ta ƙasar China shi ne a ba mutum sautun karatu.

Kawuna, ƙanin mahaifiyata, shi ya kawo ni. Yana da ofis a benen Tianxiu, inda mutanenmu ke haɗa kaya su tura gida. Ni kuwa likitan dabbobi nake son zama, tun shekarar da ciwo ya shiga garkenmu muna tsaye muna kallo. Jami'a ba ta ɗauke ni kai tsaye ba. Aka ce in fara yin shekara biyu a wata ƙaramar kwaleji, in koyi harshensu, in ɗauki darussan da jami'ar ke bukata, sannan in tsallaka. Malamar da ke ba ɗalibai shawara, wata siririya mai tabarau, ta yi mini bayani dalla-dalla: ilimin halittu da na sinadarai wajibi ne, sauran gurbin in cike da abin da na ga dama.

Na kai wa Kawu labari a gidan abincin da ake tuwo da miyar kuka, wurin cike da jama'a. A can kuwa ba a yin magana da mutum ɗaya, kowa kunnensa na kan teburinka.

"Wato kai ke zaɓa?" in ji Kawu. "Kamar a shago?"

Na ce e.

Ya tsame hannu daga tuwo. "Akwai na kwastan?"

Na ce akwai na dokokin shige da ficen kaya.

"Madalla! Ɗauko mini shi. Ejan ɗin nan na tashar jiragen ruwa ta Huangpu ya ishe ni. Kullum sai ya karanto mini doka, ni kuma in ce to."

Kafin in buɗe baki, wani Alhaji ɗan Maraɗi mai kayan babur ya jawo kujerarsa. "Ɗana, ni ma riƙo mini guda a lakwal ɗin taku, makarantar nan. Na lodin kwantena. Bara madubaina rabi a fashe suka isa." Daga can kusurwa Hajiya mai kayan kicin ta ɗago murya, ita nata na talla ta waya take so, irin wanda 'yan matan garin ke yi, suna ihu a gaban waya tukwane na ƙarewa.

Na sunkuya na raɗa wa Kawu cewa lokacin darussan nan ya ci karo da na sinadarai.

"Sinadaran gudu za su yi?" ya ce da ƙarfi. "Zango mai zuwa ka yi. Alhajin nan ya girmi ubanka. Dubi idonsa ka ce ba za ka riƙo masa ba."

Wa zai iya? Na riƙo.

Zango na gaba abin ya zama sana'a. Mutum zai sauka daga jirgi a Baiyun, bai ko warware gajiya ba, sai ka ji yana cigiyar yaron da ke karɓar sautu. Wani na inshorar kaya, wani na rubuta yarjejeniya da masana'anta. Akwai wanda ya ce in tambayo ko ana koyar da yadda za ka gane ɗan China na shirin cewa babu tun bai faɗa ba. Na samu na cusa ilimin halittu da ƙyar, kamar mai ɓoye haramtaccen kaya a ƙasan kwali.

Abin da ke ƙona mini rai har yau shi ne ranar kai sautu. Duk Juma'a bayan an sauko, sai in zauna in mayar musu da abin da na koyo. Kawu zai saurara yana sakace, in na gama ya ce malamin nan daga ji bai taɓa sayar da ko allura ba. Ya ci gaba da ejansa. Alhajin Maraɗi barci yake yi tun ban kai tsakiya ba. Hajiya ta ce ita matar aure ce, ba za ta tsaya tana yi wa waya ihu ba. Babu wanda ya yi aiki da ko ɗaya, kuma babu wanda ya fasa ba da sabo.

Malamar nan mai ba da shawara duk farkon zango sai ta zare tabarau ta dube ni. "Sinadarai fa?" In ce zango mai zuwa. Rannan ta gaji ta tambaye ni wa ke zaɓa mini darussa. Na yi mata bayanin manya da kunya da zumunci, iya Sinancin da na iya. Ta saurara har ƙarshe, ta ce, "Su ne za su shiga jami'ar?"

A zangon ƙarshe na ce wallahi ko wa zai yi fushi ya yi. Na je wurinta na ce yau sinadarai na zo ɗauka. Ta girgiza kai. Ashe darasin kashi biyu ne, na farko sai an juyo sabuwar shekara, kuma ba a shiga na biyu sai da shi. "Meyo," ta ce, wato babu. Kalmar da nake ji kullum a bakin masu shago. Jami'a ta ce sashen kasuwanci na maraba da ni. Na likitan dabbobi kuwa sai in na ƙara shekara guda.

Na roƙi Kawu shekarar nan, har da hawaye.

"Wace shekara kuma? Kai da ka gama! Ga tebur can na sa an shigo maka da shi."

Har walima aka yi mini, da naman rago. Alhajin Maraɗi ya tashi ya shaida wa jama'a cewa lodin da yaron nan ya iya, shi ya sa shi. Hajiya ta ce a dai riƙa tunawa da masu ba da shawara. Ni ina zaune, ban ko taɓa naman ba.

Bayan 'yan watanni ina sito a Huangpu da rana tsaka, ina tsaye kan masu lodi, mahaifiyata ta kira. Ba wanda ya gaya mata yadda aka ƙare, ni ma na kasa.

"Likita," ta ce, "jar saniyar nan ce. Tun shekaranjiya ba ta ci ba, cikinta ya kumbura. Me za mu ba ta?"

Na san takardun da ake nema in za a fitar da fatarta ƙasar waje. Na san yadda ake jera fatun a kwantena kada su yi fumfuna.

Na ce, "Inna, ku nemo wani ya duba ta."

Ina jin kukan saniyar ta cikin wayar.

Ta ce, "To kai fa?"