Farashin Man da Babu

Tana tsaye gaban madubi tana goge gilashinta da gefen gyale, kamar yadda take yi kowace safiya kafin ta fita. Ta hura masa iska ta sake gogewa.

Nawa-Nawa 'yan kasuwa ke ce mata, domin ƙuruciyarta duk ta ƙare ne a bin rumfuna tana tambayar farashi, aikin da ofishin ƙididdiga ya ɗauke ta yi. Sai da furfura ta fara leƙowa sannan ta koma jami'a neman digiri na biyu a tattalin arziki, ba tare da ta bar aikin ba. Ta zauna cikin sa'o'in 'ya'yanta tana koyon yadda gwamnati ke jan zare ɗaya, rigar ƙasa duk ta motsa.

Bara gwamnati ta ƙayyade farashin man girki da sabulu, kayan suka yi ɓatan dabo daga kantuna. A ofis kuwa ƙa'idar aiki ita ce, in ba a sami abu a kasuwa ba, a maimaita farashinsa na watan jiya. Haka hauhawar farashi ta kwanta luf a takarda, rediyo na ta yabo, tukwane na ƙonewa. Abin da babi na huɗu na kundin bincikenta ya faɗa ke nan, kuma yau za ta kare kundin.

Jiya malaminta ya kira ta gefe, murya ƙasa-ƙasa. Baƙon farfesan da zai yi mata tambayoyi shi ne ya ba gwamnati shawarar ƙayyade farashin, kuma aminin shugaban ofishinsu ne. "In ya taɓo babin nan, ki ce hasashe ne kawai, ki wuce lafiya."

Mijinta tela ya shigo, tef ɗin awo rataye a wuya.

"Maman yara, gilashin nan sai kin huda shi?"

"Babin nan na huɗu ke damuna."

"To ki ce hasashe ne mana. Wa kika taɓa ji an binne don ya ce hasashe ne?"

"Ni fa na shiga rumfunan nan da ƙafata, maigida."

"Rumfunan ne za su ba ki fansho? Kin kusa ritaya fa. An gama fiɗa, saura wutsiya."

Ta tuna abokin aikinta da ya taɓa yin tambaya a taro. Ba wanda ya ɗaga masa murya. An dai mayar da teburinsa ɗakin ajiyar tsofaffin kujeru, aka daina gaishe shi, har ya gaji ya ajiye aikin. Ta ji sanyin ɗakin nan a ƙashin bayanta.

"In suka sallame ni, keken ɗinkinka zai riƙe mu?"

Ya gyara tef ɗin a wuyansa. "Tsoho ne, yana tari kamar mai shi. Amma bai taɓa ƙin ɗinki ba. Sai dai ki koyi sa maɓalli, don ba na ciyar da ma'aikacin banza."

Ta so ta yi dariya, sai ta maƙala gilashin a fuska.

"Ba zan ce hasashe ba ne," ta ce, muryar kamar ta aro.

"Na sani. Tun jiya na ga fuskarki. Allah ya tsare."

Ta rungume kundin a ƙirji. Ta ɗaga labule ta fita.